Yadda Ake Tsara Sifiku da Kurosoba a Akwatin Lasifika Mai Baki Uku

Akwati mai baki uku shi ne wanda aka raba aikin fitar da sauti tsakanin sifiku uku: wufa mai ɗaukar kauri, mid mai ɗaukar muryar mutum da yawancin kayan kiɗa, sai tuwita mai fitar da siririn sauti. Kurosoba kuwa ita ce ke tace sautin da ya fito daga amfilifaya, ta miƙa wa kowace sifika rabonta. Kuskuren da na fi gani wurin masu haɗa akwati a Zariya shi ne a sayo sifiku a Sabon Gari, a kai wa kafinta ya huda katako yadda ya yi masa kyau a ido, sannan a sayo kurosoba haɗaɗɗiya a liƙa. Wurin zaman sifiku da wurin raba sauti tare ake yanke shawararsu, tun kafin zarto ya taɓa katako.

Da farko ka zaɓi wuraren rabo guda biyu. Ga wufa mai inci 10 ko 12, mid mai inci 4 ko 5 da tuwita mai inci 1, rabo a wajen 400 Hz da 3000 Hz (Hz shi ne ma'aunin mitar sauti, wato sau nawa yake kaɗawa a daƙiƙa) mafari ne mai kyau, domin yawancin muryar mutum za ta fito daga baki ɗaya. Ka tabbatar rabon tuwita ya kai aƙalla ninki biyu na mitar da take kaɗawa da kanta, wadda ake rubutawa Fs a takardarta, in ba haka ba za ta riƙa kuka kuma ba za ta daɗe ba.

Daga nan sai zanen allon gaba, kuma a nan ya kamata a daɗe. Sauti yana cin nisan kusan mita 343 a daƙiƙa, saboda haka tsawon igiyarsa, wato nisan da yake ci a kaɗawa ɗaya, a 3000 Hz bai wuce santimita 11 da ɗoriya ba. Tazarar tsakiyar mid zuwa tsakiyar tuwita kada ta wuce wannan, domin a daidai wurin rabo su biyun suna fitar da sauti ɗaya, kuma idan sun yi nisa za su riƙa soke juna. A 400 Hz tsawon ya kai santimita 86, don haka wufa tana da sararin sauka ƙasa. Ka jera su ɗaya bisa ɗaya, ba gefe da gefe ba, tuwita a daidai kunnen mai sauraro. A ɗakin da ake zama a kan darduma ko tabarma, wannan tsayin ya yi ƙasa da na mai zama a kujera, abin da ba kasafai ake lura da shi ba. Mid kuma lallai a yi mata ɗakinta rufaffe a cikin akwatin, a cusa auduga, don kada iskar wufa ta riƙa tura ta. Katakon MDF, wanda ake matsewa daga garin itace, mai kaurin milimita 18 ya wadatar, sai dai a shafe shi da fenti ciki da waje saboda yana kumbura da damina.

Sai lissafin kurosoba, wadda ake haɗawa da kafasita, mai tare kaurin sauti, da koyil, wato naɗaɗɗiyar waya mai tare siririn sauti. Na fi son tsarin Linkwitz-Riley mai mataki na biyu, wanda ke rage sautin da ya wuce wurin rabo da desibel 12 (ma'aunin ƙarfin sauti) a kowace ninkawar mita. A kan sifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar da take yi wa lantarki), kafasita ita ce 0.0796 a raba da abin da om sau mita ya bayar, koyil kuma 0.3183 sau om a raba da mita; amsar kafasita a farad take fitowa, ta koyil a henri. Wannan ya ba da maikurofarad 3.3 da milihenri 0.85 a 3000 Hz, da kuma maikurofarad 25 da milihenri 6.4 a 400 Hz. A reshen tuwita kafasita ce a kan layi, wato a jere da sifikar, koyil a gicciye, wato tsakanin wayoyinta biyu, a reshen wufa akasin haka, mid kuwa tana ɗaukar duka biyun. A wannan tsari ana juya wayoyin mid, jan ya koma wurin baƙi, domin tacewar tana juya sautin baya.

Waɗannan alƙaluma mafari ne kawai, saboda sifikar da aka rubuta wa om 8 ba ta tsayawa a 8, tana hawa yayin da mita ke hawa. Manhajojin REW da VituixCAD kyauta ne, kuma da makirfon awo za ka ga ainihin halin sifikunka a cikin akwatinka, ka gyara lissafin a kwamfuta kafin ka sayi kaya. Idan tuwita ta fi sauran ƙarfi, kamar yadda ta saba, razista biyu masu rage ƙarfin lantarki, ɗaya a kan layi ɗaya a gicciye, za su sauke ta.

Wajen haɗawa, kafasita marasa kai da gindi, wato waɗanda ba su da + da -, kaɗai ake sawa, kuma koyil biyu ba sa kwanciya fuska ɗaya kusa da juna, sai a tayar da ɗaya a tsaye. Ka bar kurosobar a waje a kan ɗan katako na wasu kwanaki, kana saurare da ƙaramar murya. Ka gwada da karatun Alƙur'ani ko labaran rediyo na muryar da ka sani sosai, domin a nan ne ramin da ke tsakanin mid da tuwita ya fi saurin bayyana. Sai muryar ta fito daga wuri ɗaya kafin ka ɗaure allon a ciki ka rufe bayan akwatin.