Masu girkin biki, a kula da shinkafar cikin kula

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar abinci. Zafi ya kankama, kun dai san Sakkwato a watan Afrilu, ma'auni kan haura 40. Ga abin da nake nanata wa yaran shagona.

Dafaffiyar shinkafa ba ta son jira. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa, kuma kular da aka cika tun hantsi, ana buɗewa ana rufewa, kafin La'asar ta huce ta faɗa nan. Akwai ƙwayar da ke barin dafi a shinkafa, ɗumame ba ya kashe shi. Bara a wani biki a Mabera kula biyu na zubar ina ji ina gani, ƙasan duk ya yi yauƙi. Tun daga nan sau biyu nake ɗora tukunya, ta rana daban, ta dare daban. Abin da ya huce kada ya wuce awa 2 a waje.

Wuƙar ɗanyar kaza kada ta taɓa kabejin salak, ni jan zare na ɗaura mata a ƙota. Yarinyar da ke gudawa kuwa, Hajiya, ki bar ta ta huta a gida, ki biya ta kuɗin ranar.