Yadda ake tsare sukarin jini idan an ɗora wa mai ciwon jijiya ruwan kotizon

Ciwon da likitocin Garwa da Marwa da Injamena ke rubuta wa sclérose en plaques a takarda, garkuwar jikin mutum ce ke juyowa tana cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Yakan lafa, ya sake tashi: ido ɗaya ya dushe, ƙafa ta yi nauyi, ko hannu ya mutu. In ya taso da ƙarfi, akan ɗora wa majinyaci methylprednisolone ta jijiyar jini, galibi miligiram 1000 a rana, kwana 3 zuwa 5. Shi ne muke kira kotizon. Yana gaggauta farfaɗowa, amma yana sa hanta ta zubo sukari cikin jini, ya kuma hana jiki jin insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, yadda ya kamata. Ko wanda bai taɓa ciwon sukari ba, awonsa na iya haurawa. Ga abin da masu jinya za su yi.

Kafin a ɗora ruwan farko, ku faɗa wa likita komai: akwai ciwon sukari a dangi, ko majinyaciyar ta taɓa samunsa lokacin goyon ciki, ko akwai hawan jini, gyambon ciki, ko tarin fuka. Ku roƙi a auna sukari, a kuma duba fitsari. Zazzaɓi da ciwon mafitsara, har ma da zafin watan Maris da Afrilu, kan tayar da tsofaffin alamu ba tare da ciwon ya sake tashi ba, kuma kotizon ba maganin wannan ba ne.

Mataki na biyu shi ne wanda na fi so a riƙe, don nan aka fi yin kuskure. Mun saba a ce awon sukari da sassafe ake yi, kafin a karya kumallo. A kan kotizon wannan awon shi kaɗai yana ruɗar mutane. Idan an ɗora ruwan da safe, sukarin yakan fara hawa bayan abincin rana, ya kai ƙololuwa tsakanin la'asar da dare, kafin asuba ya sauko. Sai a ga awon safe lafiya lau, hankali ya kwanta, alhali tun azahar ɗin jiya jinin majinyaci cike yake da sukari. Don haka ku auna kafin kowane abinci, sannan awa 2 bayan abincin rana da na dare. Ku sami littafi ku rubuta lokaci, da lambar da ta fito, da abin da aka ci.

Ku lura da ma'auni. Ƙaramar na'urar gida takan nuna 200, takardar asibiti kuma ta rubuta gram 2 a lita. Abu ɗaya ne. In awo ya kai haka fiye da sau ɗaya, ku sanar da likita a ranar. In ya wuce 300, ko aka ga amai, ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari da magagi, kada a jira gari ya waye. Kasala da dushewar gani ma sukari na kawo su, kuma sau da yawa akan ɗora wa tsohon ciwon laifinsu. Tsinin allura a yatsa ne zai raba gardama.

Sai abinci. Kotizon na buɗe ciki, ga 'yan dubiya sun zo da lemon kwalba, da dabino, da kunu mai zaƙi. A yi musu godiya, a ajiye. Shayinmu mai sukari rabin kofi, da zoɓo, da zuma, su dakata na ɗan kwanaki. A rage malmalar tuwo, a yawaita miyar kuka ko zogale ko yakuwa, da kifi da wake da nono marar sukari. Ruwa kuwa a sha sosai. Ba na goyon bayan a hana majinyaci abinci don lamba ta yi kyau. Jikin da ke murmurewa yana son ci. In jinyar ta faɗo cikin azumi, marar lafiya na da rangwame, ya rama daga baya.

Mai ciwon sukari tun asali, wataƙila ƙwayoyinsa su gaza a waɗannan kwanaki, likita ya sa masa insulin. Kada a ji tsoro, sau da yawa na ɗan lokaci ne. Inda wuta ba ta zama, a sa kwalbar a leda a ajiye cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa.

Bayan ruwan ƙarshe, sukarin yakan sauko cikin 'yan kwanaki. Wanda aka ƙara wa insulin, in bai rage ba, sai sukarinsa ya faɗi ƙasa da 70: rawar jiki, gumi, yunwa, ruɗewa. A ba shi sukari cokalin shayi 3 a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. Saboda haka, tun kafin sallama ku tambayi likita nawa za a rage kuma a wace rana, ya rubuta muku. In an ba da ƙwayar kotizon, wato prednisone, a ci gaba da sha a gida, a ci gaba da awon yamma har ta ƙare, kuma kada a yanke ta da ka. Bayan wata 3 a koma a yi awon HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na watannin da suka wuce, a tafi da littafin nan.