Tsohuwar jitar bes ta faɗo hannunka: ka canza mata kaya ko ka sayar?

Wannan tunanin yawanci ba ya zuwa sai ranar da ka gaji. Ka dawo daga wasa kafaɗa na ciwo saboda nauyi, fikof, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, yana ta ƙugi a amfilifaya kamar tsohon firji, yaran da kuke kiɗa tare kuma sun dame ka, oga a sa mata batir mana, oga a sake fenti, oga wannan ai ta sha miya. Sai ka fara raba hankali biyu, ko dai ka kai ta a yi mata aiki ko ka sallamar ka huta. To ɗan'uwa kafin ka yi ko ɗaya, ajiye sukundireba tukuna, don akwai abin da in ka taɓa shi ya tafi kenan har abada.

Aikin farko shi ne ka san mece ce a hannunka, kuma sunan da ke kan jitar ba hujja ba ne, sitika ce, kowa na iya mannawa. In ƙirar kamfanin Fender na Amurka ce, samfurin Precision ya fito a 1951, samfurin Jazz kuma a 1960, sannan a 1965 Leo Fender ya sayar da kamfanin ga CBS, kuma wannan shekarar ita ce katangar da masu tara tsofaffin kaya ke auna farashi da ita, abin da aka ƙera kafin ta kuɗinsa daban ne. Siriyal lamba yawanci tana kan farantin ƙarfen nan na baya mai sukuru inda wuya ya haɗu da jiki har zuwa wajen 1976, daga nan aka mayar da ita can saman kai. Amma kar ka tsaya a lambar kaɗai tunda farantin ma ana iya canza shi cikin minti biyar. Sassauta tsirkiya, ka kwance wuyan a hankali, sau da yawa za ka tarar da kwanan wata a gindinsa, na tsofaffin da fensir, na baya da hatimi. Sai ka buɗe inda wayoyi suke ka haska bayan abin ƙara murya, akwai lambobi a jiki. In ka ga 137 a farko kamfanin CTS ne ya yi shi, lambobin da suka biyo baya shekara ce da mako, misali 1377312 na nufin mako na 12 na 1973. In wuya, da lambar baya, da waɗannan duk suka nuna lokaci ɗaya, to kana riƙe da kaya. In kowanne da tasa shekarar, haɗe-haɗe ce, kuma ba laifi ba ne, sai dai lissafin ya canza.

Gaskiyar da ba a son ji kuwa, mafi yawan tsofaffin da ke yawo a wajenmu, na sito-siton coci da na tsofaffin ƙungiyoyin kiɗa da na gwanjo, ba 'yan Amurka ba ne. Kwafi ne na Japan na shekarun 1970, irin su Greco, Aria, Ibanez, Tokai, ko kuma na Koriya da aka yi daga baya. Kar ka raina na Japan ɗin, wasu aikinsu ya fi na Fender ɗin lokacin tsabta, kuma Squier na farko-farko da aka fara a Japan a 1982 masu lamba da ta fara da JV yanzu nemansu ake ido rufe. Amma akwai tsohuwa mai daraja akwai kuma wadda tsufa kawai ta yi, shekara ba ta mayar da filawud ya zama zinariya.

Ni da kaina na yi wannan ɓarnar shi ya sa nake da bakin magana. Ta farko da na mallaka 'yar Japan ce, launin nan mai duhu a gefe da haske a tsakiya, fentin ya koɗe daidai inda hannun tsohon mai ita yake gogawa har itace ya fito ya yi santsi. A lokacin kunya take ba ni. Na ɗauke ta na kai wa wani mai fentin mota, ya kankare ta tas da samfefa, ya fesa mata baƙi mai ƙyalli, har cikin ramin da wuya ke zama ya cika da fenti ya binne rubutun da ke ciki, sunan da ke kai ma ya share wai don ta yi kyau. Sati biyu ɗakina na warin tina. Da na tashi sayarwa bayan shekaru wanda ya zo dubawa ya juya ta gaba da baya, ya sa farce ya ƙwanƙwasa fentin, ya ce malam da ka bar ta da dattinta da mun yi magana. Tayin da ya yi ko kuɗin fentin da na wahala bai fitar ba. Garin neman gira kenan.

Don haka ka raba canje-canjen gida biyu a kanka: wanda za a iya mayarwa yadda yake, da wanda ba ya komawa. Tsirkiya, saitin wuya, tsayin tsirkiya daga firet, wato ƙananan ƙarafan da ke jere a wuya, waɗannan ba canji ba ne ma, kula ce. Fikof kuma ana iya cirewa a sa wani mai girma ɗaya ba tare da an taɓa itace ba. Birij, wato abin da masu goge ke ce wa jaki, akwai na zamani da aka yi su daidai da ramukan sukuru biyar na Fender, ka kwance ka ɗaura shikenan. Farantin roba na gaba ma haka. Wanda ba ya komawa shi ne duk abin da ya haɗa da huda, fafe itace ko kankara: a fafe rami don ƙara fikof na biyu kusa da birij, a fafe gidan batir a baya, a faɗaɗa ramukan kunnuwan ɗaure tsirkiya don sababbi su shiga, a rage kaurin wuya, sai babbansu, sabon fenti. 'Yan kasuwar tsofaffin jita lissafinsu na baki shi ne sake fenti yana cin kusan rabin kuɗin kaya, komai kyan aikin. Wannan koɗewar da kake jin kunya ita suke biya.

Wani zai ce ai shahararren makaɗin bes Jaco Pastorius ma ya cire firet ɗin Jazz ɗinsa ta 1962 ya shafe wuyan da ifoksi, wani gam mai tauri, kuma duniya ta san jitar. Haka ne, amma sunan Jaco ne ya ɗaga ta, in kai ka yi sai dai a ce an lalata wuya.

Ko a cikin masu komawa ɗin akwai ɗan tarko. In jitarka ta kafin 1965 ce ko kusa da nan kuma ba a taɓa taɓa wayoyinta ba, har dalmar da aka liƙa su da ita masu saye na dubawa, suna gane ta asali da sabuwa. Dabarar ita ce kar ka warware komai ɗaya-ɗaya, ka cire farantin gaba ɗaya da fikof da wayoyi a haɗe kamar yadda suke gwargwadon yadda zai yiwu, ka sa sabon saiti cikakke a madadinsa. Kuma don Allah ba kowane mai gyaran rediyo ake miƙa wa irin wannan ba, wayar da ke naɗe cikin fikof ta fi gashi siriri, zafi ya yi yawa kaɗan ta tsinke.

Abu na gaba, ka tabbatar matsalar jitar ce ba ta saiti ba, nan ne mutane da yawa ke yanke hukunci da wuri. Mu nan hunturu kaɗai ya isa ya sa lafiyayyiyar jita ta zama kamar ta mutu, iska ta bushe itace ya tsuke, bakin firet ya fito yana yankar yatsa, wuya ya motsa tsirkiya ta kwanta tana zizar ƙarfe, damina ta zo kuma ta koma wani hali. Kar ka yanke shawara a watan Janairu. Sa ta a akwatinta, ka jiƙa soso ka matse sosai ka sa a 'yar roba mai huji ka ajiye ciki inda ba zai taɓa jikinta ba, ka ba ta sati biyu. Sandar ƙarfen da ke cikin wuya kuma in za ka juya, rubu'in zagaye kawai, ka bari ta kwana ka sake dubawa, a yawancin tsofaffin Fender notin yana gindin wuya ne sai ka sassauta wuyan kafin ka kai gare shi. In ka ji ya cije ya ƙi motsi ka tsaya nan, karyewar wannan sandar ita ce babbar asara. Ƙugin nan ma sau da yawa wayar as ce ta saki ko wutar wurin ce ba ta da kyau, gwada ta a wani gida da wata amfilifaya da wata kebul kafin ka ɗora wa fikof laifi. Sa sababbin tsirkiya, ka yi wata guda kana kaɗa ta kullum.

Bayan watan nan amsar takan fito da kanta. In har kana jin daɗin wuyan a hannunka, sautin ne kawai bai kai inda kake so ba, riƙe ta ka yi canjin da ke komawa. Wuya shi ne jita, sauran duk ana sayowa. In kuma wuyan ne bai yi maka ba, ko nauyin, don wasu na ƙarshen shekarun 1970 sun haura kilo 5 kuma tsayuwar awa uku da su ba wasa ba, ko kiɗan da kake yi yanzu tsirkiya biyar yake so, to babu fikof ɗin da zai gyara wannan, kuma in ta asali ce ba a taɓa ba zunubi ne ka fafe ta don ta zama abin da ba ita ba. Sayar da ita ga mai sonta a haka, ka sayi ta zamani mai batir, tun 1976 da Music Man ta fito da StingRay ake ƙera su da wannan sautin daga masana'anta, kuma mai yiwuwa har canji ya rage maka. Wadda kuwa wani ya riga ya yi wa fenti ya huda ta tun kafin ta zo hannunka, wannan ka samu sarari, darajar masu tarawa ta riga ta tafi, yi mata duk abin da zai sa ka riƙa ɗaukar ta. Sai dai ka sani kuɗin da ka zuba a sababbin kaya ba ya dawowa ranar sayarwa, mai saye ba ya biyan son zuciyarka.

Ta gado kuma, wadda baba ko kawu ya bari, ban sa ta a wannan lissafin ba. Ban taɓa jin wanda ya sayar da irin wannan ya ce ya ji daɗi ba.

In ka tsaya kan sayarwa, kar ka goge ta da folish ko man ƙyalli, tsumma busasshe ya isa, tsatsar sukuru ma bar ta. Ɗauki hotuna da hasken rana, gaba, baya, kai, lambar, gindin wuya, cikin wayoyi, da duk wani tabo, ka faɗi abin da aka taɓa canzawa tun kafin a tambaye ka don masu wannan harkar suna ganewa kuma da sun kama ka da ɓoye ɗaya sun daina yarda da sauran. Farashi ka duba a Reverb, shafin intanet na cinikin kayan kiɗa, amma abin da aka sayar za ka duba ba abin da mutane suka rubuta suna jira ba, sannan ka tuna wancan kasuwar dala ce, mai saye a Kano ko Jos ko Yamai ba zai ba ka haka ba, ga la'adar dillali. In kana tunanin turawa waje akwai wata magana: allon saman wuyan Fender daga 1959 zuwa tsakiyar shekarun 1960 yawanci itacen rozwud na Brazil ne, wanda yarjejeniyar CITES, mai kare itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa, ta sa a jerin mafi tsanani tun 1992, ba ya tsallaka iyaka sai da takardar izini, sassaucin da aka yi wa kayan kiɗa a 2019 bai haɗa da shi ba. Kuma kar jita ta bar hannunka kan alat na saƙon waya, buɗe akawun ɗinka ka ga kuɗin da idonka.

In kuma riƙewa za ka yi, nemi leda mai zif tun kafin ka kwance sukuru na farko. Duk abin da ya fito daga jikinta, fikof, birij, wayoyi, har sukurun da kansu ya cinye, zuba ciki, ka sa 'yar takarda ka rubuta ranar da inda kowanne ya fito, ka ɗauki hoton yadda wayoyin suke kafin a taɓa, ka cusa ledar a aljihun akwatin jitar, ba a durowar ɗaki ba inda yara za su kwashe su yi motar langa-langa da su.