Yadda makaho zai yi tafiya da GPS a cikin Maraɗi

Abu na farko ka kunna mai karanta allo, wato abin da ke karanta maka rubutun da ke kan wayar da murya, in wayarka Android ce TalkBack, in iPhone ce VoiceOver, in babu shi sauran duk banza ne. Sai ka sa wani ya taya ka sauke manhajar Lazarillo a wayarka, kyauta ce, tana faɗa maka sunan titi da wuraren da ke kusa da kai da murya. Ka ƙara da OsmAnd ko Google Maps ka sauke taswirar Maraɗi tun kana gida, don GPS ɗin kanshi da tauraron ɗan adam yake aiki, ko forfe ya ƙare zai san inda kake.

Amma ga inda na fi damuwa, lungunanmu da yawa ba su da suna a taswira, shi ya sa sai ka tsaya da ƙafarka a ƙofar gidanku ka ajiye wurin a cikin taswirar wayar ka sa mishi suna, haka masallaci, haka ƙofar da kake shiga babbar kasuwa, haka tasha. Ranar da ɗan kabu-kabu ya sauke ka wani wuri daban, wayar ce za ta maido ka.

Kar ka toshe kunne biyu da abin sauraren waya don Allah, ɗaya kawai, ɗayan na jin babura ne. Kuma GPS na iya kuskure da mita 5 zuwa 10, bai san rami ko kwata ko amalanke ba, sandarka ce ta san su, kar ka ajiye ta. In ya ce ka iso, tambayi mai shago na kusa. GPS na shan batir sosai, ka cika caji kafin kuran ya tafi.