Yadda za ka cika wayarka da waƙa a Jidda ba tare da ka ci haƙƙin mawaƙi ba

Ni direba ne, a cunkoson Titin Madina nake yini, kuma ba na iya tuƙi shiru. Shi ya sa 'yan uwa a unguwar Karantina kan miƙo mini waya su ce, "Yaya, zuba mini sababbi." Ba na zubawa, hanya nake nuna musu.

Ka fara da inda mawaƙin ya ɗora waƙarsa da hannunsa. Namu na gida galibi suna Audiomack da YouTube, na Larabawa kuwa Anghami ko Spotify, wanda ya shigo Saudiyya a 2018. Duba sunan shafin da kyau. In ka ga shafi ɗaya ya tattaro waƙoƙin mutum ashirin, har da bege da wa'azi a cakuɗe, na ɗan kwashe-kwashe ne, aljihunsa kuɗin talla ke shiga.

Sai ka jira dare, ka hau Wi-Fi, ka danna alamar saukewa ta cikin manhajar. Waƙar za ta zauna a ciki, kana ji ko babu data, amma ba ta fita zuwa memori. Da gangan aka yi haka. Spotify sai ka biya kuɗin wata kafin ya bar ka ka sauke waƙa.

Masu cewa "ai ni kaɗai zan ji" su saurara. Dokar haƙƙin mallaka da Saudiyya ta kafa a 2003 ta yarda mutum ya kwafi abu don amfanin kansa, amma ta cire sauti da bidiyo da manhajar kwamfuta daga wannan rangwame. Ta kuma tanadi tara har riyal 250,000 da ɗaurin da ya kai wata shida. Ta fuskar addini ma, Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke nan Jidda ta zartar tun 1988 cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a. Wanda yake ganin kiɗa haramun ne, wannan zance daban. Ai mai ƙasida ma kuɗi ya biya a situdiyo.

In waƙa ta yi maka daɗi, tura wa mutanen WhatsApp adireshinta, kada ka tura ita kanta. Manhajojin nan da aka fasa kuwa, masu alkawarin komai kyauta, kada su kusanci wayar da saƙon banki da lambar sirrin Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya, ke shigowa.