Yadda na gyara lemon kabewa mai kayan ƙamshi

Sau biyu ina haɗa lemon kabewa da citta, kirfa da kanumfari, yana fitowa da ɗaci, kashegari kuma gorunan su kumbura.

Ɗacin daga kanumfari ne, don tun farko nake zuba shi ya yi ta tafasa. Yanzu ƙwaya 4 nake sa wa lita 2, a minti 5 na ƙarshe. Kabewar kuwa gasa ta nake yi tukuna, zaƙinta ya fi fitowa.

Kumburin ya fi damuna, saboda yara ke sha. Yis ɗin da ya maƙale a gora ne ke cin sukari yana sakin iska. Na koma amfani da kwalabe, ina tafasa su, lemon na hucewa sai firij. Ya kwana 3 lafiya lau.