Kurakuran da ke sa ƙaramin jirginka ya daki ƙasa tun tashin farko

Ni dai tun ina firamare a Zariya jirgi ya shiga raina, ƙananan jiragen nan na kwalejin koyon tuƙin jirgin sama su yi ta shawagi a kanmu ni kuma in saki baki ina kallo har sai an daka min tsawa. Da kara na fara, na koma gwangwanin madara, yau ga shi na tara furfura ina nan ina fama da jiragen rimot. Wlh ban san adadin waɗanda na farfasa ba, shi ya sa in yaro ya turo min hoton nasa nakan gane inda zai mutu tun kafin ya tashi.

Babbar matsalarmu nauyi. Muna ƙera jirgi don ya burge ido, a samo langa-langa a yi masa tagogi da kujeru har da fenti hawa uku sai ka ce Boeing, jama'a su taru a yi ta ɗaukar bidiyo, ƙarshenta dai ya yi ta gudu a ƙasa kamar agwagwa. Farin fom ɗin nan na cikin kwalin firij ko na silin shi ne kayan aiki, jirgin koyo mai fiffike kamar mita 1 in ya haura kilo 1 to ka fara shiga wahala. Kuma kar ka sa masa supa gulu, cinye fom yake kana kallo. Gam ɗin kyandir ya fi, sai dai shi ma in ka bar jirgin a bayan mota da zafin watan Afrilu za ka tarar fiffike ya saki.

Sai wanda ya fi kashe jirage, wato daidaita nauyin gaba da baya, a nan zan ɗan daɗe. Ka auna faɗin fiffike daga bakinsa na gaba zuwa na baya, ka sa alama a wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku daga gaba. In faɗin santimita 20 ne alamar ta faɗo tsakanin 5 da 7 kenan. Ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu a daidai nan, da batir da komai a ciki, ya tsaya sak ko hancin ya ɗan sunkuya kaɗan. In wutsiya ce ta rinjaya kar ma ka fita fili. Nawa na farko mai inji haka ya yi min, ina cilla shi ya ɗaga hanci sama kamar doki ya yi tsaye, ya juye, ya dawo ya soke a gabana, duka-duka bai yi daƙiƙa biyar ba, wata huɗu ina tara kuɗin kayansa. Maganin kuma ba wani abu ba ne, batir kawai za ka matsar gaba. Kafin ka kunna inji ma ka cilla shi a hankali a kan ciyawa ka ga yadda zai sauka, ai su Wright da suka fara tashi a Amurka a 1903 sai da suka yi daga 1900 zuwa 1902 suna gwada marar inji tukuna, tashin nasu na farko kuma daƙiƙa 12 ne kacal.

Farfela ma ana sa ta a juye, inji na ta ihu jirgi ba ƙarfi. Gefen da aka rubuta lamba, kamar 10x4.5, shi ke kallon gaba. In kuma injin ne ke juyawa baibai, cikin wayoyi ukun da suka fito daga ESC, wato ƴar na'urar da ke sarrafa gudun inji, ka musanya biyu, ko waɗanne, shi kenan. Amma don Allah ƙannena ku cire farfela in kuna gwaji a ɗaki, tabon yana nan a babban yatsana, kuma rimot ake fara kunnawa kafin a jona batir.

Batir ɗin LiPo kuwa, wato irin wanda ake sa wa waɗannan jirage, ba irin na tocila ba ne. Kowane sel, wato kowane ɗaya daga cikin ƙananan batiran da ke cikinsa, volt 4.2 ne in ya cika, kar ka bari ya sauka ƙasa da 3.3, in za ka ajiye shi ya kwana biyu ka bar shi wajen 3.8. Na san halinmu da wuta, a jona caji a kwanta ana jiran NEPA ta kawo cikin dare, to wannan batir gobara yake tayarwa, ka yi cajinsa kana zaune a wurin, a kan siminti nesa da katifa. Wanda ya kumbura ya gama aiki, kar ka huda shi wai iska ta fita.

Ranar tashi ka tsaya a bayan jirgin ka gwada komai, ka ja sandar rimot baya ka ga leɓen wutsiya ya ɗaga sama, in ƙasa ya yi to a juye yake. Iska ake fuskanta wajen tashi da sauka, kuma bayan sallar asuba ya fi kafin iskar hunturu ta taso. Abin da ke rikita kowa shi ne in jirgi ya juyo yana fuskantarka, damarka ta zama hagunsa, ni dabarata in ɗan juya masa kafaɗa kamar tare muke tafiya ina waiwayensa. Ka samu manhajar koyon tuƙi a waya ko kwamfuta ka farfasa ɗari a can kyauta.

Fili kuma ka nemi fili na gaske, nesa da filin jirgi da bariki da wayoyin wuta, ka fara gaida mai unguwa ka nuna masa abin a hannu, don yanzu mutane na ganin abu a sama hankalinsu ke tashi, kuma hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya na da dokokinta kan jirage marasa matuƙi. Yara kuwa dole su biyo ka, ka tsayar da su a bayanka, ka ba babbansu aikin riƙe jakar batir.